Jar Saniyar Inna da Injin Ƙasar Sanyi

Har yau in na ji warin ruwan mota da ya tafasa, taubashina nake tunawa, kuma ba addu'a ce ke fara zuwa bakina ba. Ɗan kawuna ne, ubansa wan Inna ne ciki ɗaya. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yawo ba wando "bawana" yake kirana, ni kuwa dole in washe baki. Haka abin yake a wajenmu. Taubashi ya zage ka tsakiyar kasuwa, ya fizge maka hula, ya cinye maka tuwo, ba ka da ikon ɓata rai. Wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Kuma ba a kai taubashi ƙara. In ka kai shi gaban maigari kai za a yi wa dariya, a bar wa ƴaƴanka abin gori.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Guci, muna noman gero muna kiwon shanu. Farin nan da ya zo a farkon shekarun saba'in ya cinye garken Baba a kan idonmu, ɗaya bayan ɗaya, shi ma bai daɗe ba ya bi su. Abin da ya tsira bijimai biyu ne da jar saniyar Inna. Wannan saniya ba ta Baba ba ce. Kakar saniyar aka ba Inna ranar da aka kawo ta gidan miji, irin shanun gidan uwarta ne, jajaye masu farin goshi. Lokacin da ciyawa ta ƙare ƙaf, Inna ta sa aka sauke jinkar ɗakinta, ta riƙa zare bunun tana ba saniyar, ita kuma tana kwana a fili. Ƙahon saniyar na hagu ya gutsire a baki, wurin faɗa da wata a bakin rijiya. Inna kan kama wannan guntun ƙaho ta yi ta yi mata hira kamar mutum.

Ni a lokacin na yi shekaru ina tuƙa kamyon, wato babbar motar ɗaukar gyaɗa, na wani attajiri a Magarya. Da gyaɗa ta mutu aka jingine kamyon, na dawo gida da mata da ƴaƴa uku, hannu Rabbana. Duk direban da ya rasa aiki a lokacin burinsa ɗaya ne, ya samu ƴar a-kori-kura ya riƙa bin kasuwanni, yau Dungas, gobe Mallawa, jibi Guci. A tasha kuwa kowa ya san motar iri biyu ce, ko da yake fuskarsu ɗaya. Akwai wadda nasara ke ratso hamada da ita daga ƙasarsu, su sayar a Damagaram su hau jirgi su koma. Akwai kuma wadda aka fara haɗawa a Kaduna don ƙasa irin tamu. Alamar da muka sani ɗaya ce tak: ka ɗaga kapo, wato murfin inji, in ka ga baƙar tukunya zaune a gefen inji, to ƴar Kaduna ce. A cikin tukunyar akwai mai, iska kan bi ta cikinsa kafin ta shiga inji, yashi ya maƙale a man. Iyakar ilmina ke nan. Ni sitiyari na sani, ban taɓa kwance inji ba.

Taubashina yana Magarya yana dillancin duk abin da ya samu, shanu, motoci, buhunan wake. Ran wata kasuwar Guci, bayan girbi, sai ga shi da farar a-kori-kura har ƙofar gidanmu, yana ta danna oda.

"Bawana, fito ka ga abin da ya fi ƙarfinka!"

Ya ɗaga kapo. Ga tukunya nan baƙa wuluk tana ƙyalli. Ya buga ta da tafin hannu ya ce, "Ƴar Kaduna ce, ba ta daɗe a hanya ba. Saboda kai na hana mutane." Ya ce ba ya son kuɗi, ya san ba ni da su, bijiman nan biyu zai ɗauka, da jar saniya. Na ce bijimai na ji, in ƙara masa da tumaki, amma saniya ba tawa ba ce. Bai ko tsaya gardama da ni ba. Ya cire takalmi ya shige wurin Inna, ɗan banza, har da durƙusawa.

"Gwaggo, ai ba fita za ta yi daga dangi ba. Garkena garkenki ne. Nan me za ta ci? Can wajen Dungas ga ciyawa ga ruwa, duk ranar da kika yi marmarinta a kawo miki ita."

Inna ta juya ta kalli saniyar. Can ta dubi ƴaƴana da ke wasa a tsakar gida ta ce, "In motar za ta ciyar da waɗannan, ɗauki." Da aka zo jan saniyar ba ta fito ba. Muna jin kukan saniyar har suka wuce rijiya.

Watannin sanyi motar ta yi aiki, ba zan yi mata ƙarya ba. Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Akwai wani ɗan maɓalli a gaba, in gwiwar fasinja ta taɓa shi sai iska mai zafi ta huro mana ƙafafu. Na ɗauka lalacewa ce, na ɗaure shi da tsumma. Da bazara ta shigo sai halinta ya fito. Tsakanin Dungas da Mallawa akwai wani yashi mai zurfi, da babban gawo a gefensa; duk direba ya san wurin, sai ka sauko giya ta ɗaya ka taka da ƙarfi. Motocin mutane su wuce suna gurnani, tawa kuwa da ta kai tsakiya sai tururi ya turnuƙe gilashi. Mu sauka, mu jira ta huce, mu ɗura mata ruwan shan fasinjoji. Esansi, wato fetur, da muke saye a bido, jarkarmu ta nan, shi ma bai karɓe ta ba, in na taka sai injin ya riƙa ƙwanƙwasa kamar ana dakan ƙarfe a ciki. Ƴan tasha suka sa mata suna butar shayi. Mata masu kai kaji kasuwa suka fara cewa gara su hau jaki. Kafin ruwan farko ya sauka ta fara shuɗin hayaƙi tana shanye baƙin mai, ran nan a gindin gawon nan ta yi wata irin ƙara ta yi shiru.

Wani kamyon shanu ya ja mini ita har Gumel, ƙetaren iyaka, wurin wani tsohon makaniki da direbobi ke yabo. Tsohon bai tambaye ni komai ba. Ya kwance kunnen tukunyar, ya ɗaga murfi, ya leƙa, ya miƙo mini. Wayam! Ba mai, ba raga, sai wani ƙonannen tsumma da yashi cike da tafi. Gindinta ma a huje yake. Daga wata matacciyar mota aka ciro ta aka ɗaura don ganin ido.

"Wa ya sayar maka?"

"Ɗan'uwana."

"To, Allah ya kyauta."

Sai ya jawo ni gaban injin yana nuna mini da yatsa. Ya ce masu ƙera motar nan ba wawaye ba ne. Gangar jiki ɗaya suke yi, amma kayan ciki kowace ƙasa da nata. Wannan an yi ta ne don ƙasar da ruwa ke daskarewa, hanya kuma shimfiɗe da kwalta. Tankin ruwanta na gaba siriri ne, fankarta fukafukai huɗu, ta ƙasarmu kuwa tanki mai kauri da fukafukai shida. Iskarta da takarda ake tace ta, don can ba yashi, kuma wanda ya yi mini aikin ya cire takardar ma don tukunyar ƙaryar ta zauna. Injin a matse yake ƙwarai, esansi mai ƙarfi yake so irin na can, shi ya sa namu na bido ke sa shi ƙwanƙwasa. Maɓallin da na ɗaure da tsumma kuwa na ɗumama cikin mota ne, don kada sanyi ya kama nasara. A Dungas! Daga ƙarshe ya zaro wani ɗan ƙarfe mai kama da murfin buta daga bakin bututun ruwa. Ya ce aikin wannan ya tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, kuma yawan tafasar da motar ta yi ya sa ya sandare, rabi a buɗe rabi a rufe. Ya jefar da shi juji. Da ya juya baya na ɗauke na sa a aljihu, ban ma san me zan yi da shi ba a lokacin.

Na iske taubashina a ƙofar shagonsa a Magarya, ana shan shayi, mutane cike da tabarma. Na ajiye masa tukunyar a gabansa. Ya dube ta, ya dube ni, sai ya kwashe da dariya har yana buga ƙafa.

"Jama'a, ku zo ku ga bawana! Shekara nawa yana tuƙi, bai san a buɗe tukunya a leƙa ba! Kai, ko yarinya aka aika sayen tukunya ai ta duba gindi!"

Tabarma duk ta ɗauka. Na ce masa ya riƙe bijiman, na bar masa, ya maido wa Inna saniyarta kawai. Ya ce, "Ciniki ya faɗa, bawana. Saniya tana can ta yi ƙiba, ta fi jin daɗin hannuna." Na wuce cikin gida wurin Kawu, na durƙusa na faɗa masa. Kawu ya ja carbinsa ya ce, "Haba, kai da taubashinka? Wasa ne. Kada in ji maganar nan a waje, ka ba mu kunya." Na fito, idon kowa a kaina, ana jira a ga ko zan yi fushi. Wallahi ji nake zuciyata za ta fashe. Amma na buɗe baki na yi dariya, na ce, "Ka ci wannan, ubangidana." Na ɗauki tukunyata na tafi. A hanya na rantse saniyar nan sai ta koma hannun Inna, kuma da dariya zan karɓo ta, yadda aka karɓe ta.

Na koma Gumel na roƙi tsohon ya bar ni in yi aiki a garajinsa. Da damina in zo gida in yi noma, da rani in koma. Da gemuna da komai nake wanke ƙarafa da kananzir, ban ji kunya ba. Duk zuwan da na yi gida, kafin in sha ruwa Inna za ta tambaya, "Ka biya ta Dungas? Ka gan ta?" Idanunta sun fara hazo a lokacin. In ce mata tana nan lafiya, don abin da ake faɗa mini ke nan.

A shekara ta biyu aka yi wa taubashina haihuwa, namiji, bayan ƴaƴa mata huɗu. Ya yi suna irin na nuna arziki. Ban da ragon suna har da naman shanu a manyan tukwane. Dole in je, taubashi ba ya ƙin suna. Na je, na yi masa tsiya, ya yi mini, aka yi dariya, na ci na ƙoshi. Da zan tafi ya ja ni gefe ya ba ni ƙatuwar tsoka a naɗe cikin takardar siminti. Ya ce, "Kai wa Gwaggo, ka ce ɗanta na gaishe ta." Na tambaye shi saniya, ya ce tana ruga. Inna ta daɗe rabonta da nama. Matata ta dafa mata shi ya yi laushi, ta ci tana tsotsar yatsu, tana cewa Allah ya yi wa yaron nan albarka, ashe bai manta da ita ba.

Motar tana nan a bayan garaji, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Da hannuna ya faɗa na fara tada ta da kaina, in an tashi aiki da la'asar. Kan injin da ya tsage na kai aka liƙe shi da wuta. Na sa wa injin zobba na kwance, na zuba baƙin mai mai kauri don ya rufe ƙara. Na samo tukunya ta gaske, da ragarta, na cika ta da mai har layi. Na ɗaura fanka mai fukafukai shida. Na ƙara mata ƙarfe a ƙafafun baya ta ɗaga, na cire maɓallin zafin nan na toshe gurbinsa. Siririn tankin ruwa kuwa na bar shi, sai dai na kewaye shi da ƙarfe mai faɗi na shafe da baƙin fenti don ya cika ido. Matsattsen injin ƙasar sanyi yana nan yadda masu shi suka ƙera shi. Ranar ƙarshe na zaro ɗan ƙarfen nan daga aljihu na mayar da shi bakin bututunsa. Tsohon yana tsaye a kaina.

"Wannan wa za ka sayar wa?"

"Mai ita, Baba."

Ya ci gaba da tauna goronsa. Can ya ce, "Shuɗin fenti ya fi rufe fari." Ya koma inuwa.

Ina da aboki a Maigatari, dillalin shanu, mai zaƙin baki. Shi na ba motar, da lambar Najeriya da sabon tamfol. Shi da yaransa suka lallaɓa ta ta hanyar Babura inda ƙasa ke da ƙarfi, suka shiga Magarya da sassafe. Ya ce wa taubashina shi ba kuɗi yake so ba, shanu yake nema na kaiwa kudu, kuma shi zai shiga garke ya zaɓa da kansa. A lokacin ƴar Kaduna ta gaske wuyar samu gare ta a wajenmu, saboda duwan, wato ƴan kwastan. Abokina ya ba ni labari daga baya yana dariya har da hawaye. Wai taubashina bai ko zagaya motar ba. Kai tsaye ya ɗaga kapo, ya kwance kunnen tukunya, ya tsoma yatsa, ya fito da shi sharkaf da mai, ya ɗaga wa mutane ya ce, "Ni ba a yi mini wannan. Ni na san inda ake ɓoye ta." Ya ƙirga fukafukan fanka. Ya ɗan zaga da ita kan burji da sanyin safiya, tana tafiya lafiya lau. Inda shi ya yi cuta, nan kaɗai ya duba. Ya ce wannan ba ta sayarwa ba ce, tasa ce ta kansa, ran kasuwar Mallawa zai fara loda mata wake. Aka tafa a gaban shaidu, aka ce Allah ya sa albarka.

Ni ina jira a rugar, yamma da Dungas, da jakina da salkuna biyu. Makiyayin wani dattijon Bafillace ne da ya san Baba tun suna shayarwa a rijiya ɗaya. Da abokina ya iso da saƙon mai garke, na shiga cikin shanun. Na bi su ɗaya ɗaya ina neman guntun ƙaho. Na sake zagayawa. Na kira ta yadda Inna ke kiranta. Dattijon yana dogare da sandarsa yana kallona.

"Jar nan kake nema, ta gwaggonsa?"

"Ita."

"Subhanallahi. Ashe ba ka sani ba? Ai ita aka kai ranar suna. Ya ce ta tsufa, nononta ya ja baya. Na ce masa ga bijimi nan ya ɗauka, ya ce bijimi na kasuwa ne. Ni da kaina na ja ta har Magarya."

Na zauna a ƙasa. Tsokar nan cikin takardar siminti ta dawo mini, da yatsun Inna, da albarkar da ta yi ta sa masa. Ni na ɗauko da hannuna, ni na kai mata. Ni ma na ci na ƙoshi. Ban taɓa tsanar ɗan Adam ba irin tsanar da na yi wa mutumin nan a zaman nan.

Dattijon ya taɓa kafaɗata ya nuna mini wata karsana a gefe, ja mai farin goshi. Ya ce, "Ƴarta ce. A nan ta haife ta." Na ɗauki karsanar da bijimai biyu madadin nawa, sauran na bar wa abokina ladan wahalarsa.

Washegari kasuwar Mallawa, ga bazara ta kai maƙura. Hanyar Guci ba ta nan ta bi ba, amma ta nan na koro dabbobina, bayan na cika salkunan a rijiyar Dungas. Ban yi sauri ba. Rana ta take tsaka na hango gawon, na hango shuɗiyar mota a tsakiyar yashi, kapo a sama, buhunan wake har sun tokare tamfol. Fasinjoji sun taru a inuwa, mata da goyo, tsofaffi, bidunansu duk a kife. Taubashina yana tsaye da babbar riga, ya naɗe hannuwa, fuska duk baƙin mai, yana fifita injin da hularsa.

"Bawana! Allah ne ya jefo ka! Kawo ruwa, kawo ruwa maza!"

Na sauke salka ɗaya na bi fasinjoji da ƙwarya, yara tukuna, sannan mata, sannan tsofaffi, har ta ƙare. Shi yana ta kirana. Can idonsa ya faɗa kan dabbobin, ya ga shaidar garkensa a kunnuwan bijiman. Ya daina kiran. Na zaro wuƙata na je jikin ƙofar motar na kankare shuɗin fenti faɗin tafi. Fari ya fito.

"Ubangidana, ka gane ta? Butar shayi ce. Tukunyar dai ta gaske ce wannan karon, na ga kana son tukunya."

Wani ɗan tasha da ke cikin fasinjojin ya leƙa ya ce, "La ilaha illallahu, wallahi ita ce!" Nan da nan labari ya zaga inuwar gawo, don ba wanda bai san yadda aka yi da ni ba. Dariya ta ɓarke, mata na riƙe ciki. Taubashina ya yi kukan kura ya shaƙe mini wuyan riga, yana cewa sai ya kai ni wurin jandarma, sai na kwana a kaso. Wani tsoho ya ɗaga sanda ya ce, "A'a, Alhaji, sake shi. Ba taubashinka ba ne? Wasa ne. Kai ka fara, shi ya rama. Fushi za ka yi a gaban mata?"

Ya sake ni. Na tsaya ina kallon fuskarsa har sai da ya yi dariyar, irin wadda na yi a ƙofar shagonsa. Na daɗe ina jiran dariyar nan, kuma ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Niyyata in tsaya a nan, in ba shi salka ta biyu ya lallaɓa motar ta fita daga yashi. Har na kama igiyarta. Sai ya matso kusa da kunnena, yana murmushi don mutane, ya ce ƙasa-ƙasa, "Gwaggo ta ji daɗin naman kuwa?"

Na kwance bakin salkar, na cika ƙwarya na ajiye wa karsanar. Ta sha, na ƙara mata, ta sha. Abin da ya rage na ɗaga salkar na tsiyaye shi a yashi, dab da takalmansa, har ɗigon ƙarshe. Na ce wa fasinjoji motar Dungas na tafe bayana, za ta kwashe su. Ta kuwa kwashe su. Shi aka bari da wakensa. Na ji an ce daga baya shanun amalanke ne suka jawo motar cikin Dungas, ƴan tasha na tafi suna kiran butar shayi. Injin bai ƙara tashi ba.

Da na isa gida Inna tana zaune bakin ɗakinta, ido ya kusa tafiya gaba ɗaya. Na jawo karsanar har gabanta. Ta miƙa hannu ta shafa goshin, ta shafa wuya, ta bi ƙahon hagu da yatsu har tsininsa. Lafiyayye ne. Ta daɗe riƙe da shi.

"Wannan ƴarta ce. Ina uwar?"

"Babu ita, Inna."

"Ciwo ta yi?"

Na gyara igiyar karsanar a hannuna. Ta juyo da fuskarta wajen da nake ta ce, "Naman nan da ka kawo mini ranar suna." Ba tambaya ba ce. Ta jawo kan karsanar jikinta ta fara yi mata hira a hankali. Daga ranar har ta koma ga Allah naman shanu bai ƙara shiga bakinta ba, ko a biki ko a Salla.

Ita ta yafe masa, ɗan wanta ne. In ya zo gaisuwar Salla tana amsawa. Ni ma mukan haɗu a suna da ɗaurin aure, ya ce bawana, in ce ubangidana, mu yi dariya mutane su ji daɗi. Jajayen shanu masu farin goshi da ke bayan gidana yau duk jikokin karsanar nan ne. Da ya rasu na je, na yi masa salla, na sa kafaɗa a makararsa. A bakin kabari liman ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa. Na yafe motar, na yafe bijiman, na yafe dariyar ƙofar shago. Naman da ya sa Inna ta ci tana sa masa albarka, wannan ban yafe ba, yana nan ajiye sai mun haɗu.